Sabar rumbun bayanai a Katsina: abin da za ka tanada, da yadda za ka riƙa duba lafiyarta

Idan mai kantin magani ko shugaban makarantar kuɗi ya kira ka ya ce a sayo musu saba, wato kwamfutar da za ta riƙe rumbun bayanansu, tambayarsa ta farko kusan kullum ɗaya ce: "Malam, Core i nawa za mu saya?" A garin nan wannan tambayar ce ya kamata ta zo ƙarshe. Rumbunan bayanan da ke lalacewa a Katsina da Daura, na ƙananan asibitoci da makarantu da ƙungiyoyin adashin ma'aikata, ba raunin CPU ke kashe su ba. Wuta ke kashe su, da zafi, da faifan da ya cika ba wanda ya lura, sai bakof, wato kwafin ajiya na bayanan, da aka shekara ana ɗauka ba a taɓa gwada dawo da shi ba. Don haka na jera matakan nan yadda nake ganin ya kamata kuɗin su bi: wuta tukuna, sai ɗaki, sai faifai, sai RAM, CPU daga baya. Umarnin da zan kawo na Linux ne, da na manhajojin rumbu PostgreSQL da MySQL ko 'yar'uwarta MariaDB. Mai SQL Server ma zai tsinci nasa a hanya.

Auna aikin kafin a je kasuwa

Zauna da masu aikin, ba da Alhaji mai wurin kaɗai ba. Tambayi mai karɓar kuɗi da mai buɗe kati: mutum nawa ke cikin manhajar lokaci guda a ranar da aka fi cunkoso? Makon shigar da sakamakon jarabawa nake nufi, ko ƙarshen wata lokacin albashi. Sannan akwai tambayoyi biyu da masu wuri ba su cika son amsawa ba, alhali su ke yanke kuɗin da za a kashe. Idan sabar ta tsaya, awa nawa za ku iya jurewa kuna rubutu a takarda? Idan kuma ta mutu murus, aikin awa nawa za ku iya yafewa? Wanda ya ce na yini ɗaya, bakof ɗin dare ya ishe shi. Wanda ya ce ko na minti goma ba zai yafe ba, to saba ta biyu yake buƙata mai kwafar ta farko kai tsaye, kuma ya tanadi kuɗinta.

Idan akwai tsohon rumbu, auna girmansa yau, ka sake aunawa bayan sati biyu. A PostgreSQL:

`SELECT pg_size_pretty(pg_database_size('asibiti'));`

A MySQL kuma ka tara `data_length` da `index_length` daga `information_schema.tables`. Abin da ya ƙaru a sati biyun ka lissafa shi zuwa shekara uku, sannan ka ninka biyu. Rubutu ba ya cin wuri sosai. Hotunan fasfo da takardun da aka yi wa sikanin su ne masu ci, kuma ni dai na fi son a ajiye su a matsayin fayil, rumbun ya riƙe adireshinsu kawai.

A nan ne kuma za a yanke ko sabar za ta zauna a ofis ko za a yi hayarta a intanet. Haya tana raba ka da wahalar wuta da zafi, amma tana ɗaure ka da layi. Mutanen jihar nan ba su manta watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar tsaro. A Maris na 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna ma suka ji a jikinsu. Wurin da dole aiki ya ci gaba ko babu layi, kamar kantin magani ko ɗakin karɓar marasa lafiya, gara sabar ta zauna a gida, bakof ya riƙa fita waje.

Wuta

Ga dalilin da ya sa rumbun bayanai ya fi kowace manhaja tsoron ɗaukewar wuta. Duk lokacin da mai karɓar kuɗi ya danna maɓallin adanawa, rumbun yana fara rubuta canjin a wani kundi na musamman, WAL a PostgreSQL, redo log a InnoDB na MySQL, ya jira faifai ya tabbatar masa an rubuta, sannan ya ce an gama. Idan wuta ta ɗauke, da wannan kundin yake gyara kansa in ya tashi. Tsarin yana da ƙarfi, amma ya dogara ne ga faifan ya faɗi gaskiya. Faifan da ya ce ya rubuta alhali bayanan suna cikin ƙaramar ma'ajiyarsa ta wucin gadi, da zarar wuta ta ƙifta sun tafi, kuma mai yiwuwa ba za a gane ɓarnar ba sai bayan makonni.

Saboda haka sabar ba za ta taɓa shan wutar KEDCO ko ta janareto kai tsaye ba. Tsakaninsu dole akwai UPS, wato akwati mai batiri da ke riƙe wuta in an ɗauke, kuma irin wanda ake kira online, wanda kullum ta inbatar cikinsa yake ba da wuta, ba ya jiran a ɗauke kafin ya juya. Ƙananan UPS na kwamfutar tebur sukan ƙi wutar ƙaramin janareto, su yi ta ƙara suna cin batiri har su mutu alhali inji na aiki. Kada lambar VA da ke jikin kwali ta ruɗe ka, wat ɗin da aka rubuta za ka duba, ka bar rarar kashi 30 cikin ɗari a kan abin da kayanka ke ja.

UPS na gajeren lokaci ne, na tsallake ratar da ke tsakanin ɗauke wuta da tayar da inji. Dogon zama aikin inbata ne da sola. Lissafin ba wuya: batiri mai bolt 12 da 200Ah yana ɗauke da 2,400Wh a takarda. Idan na ruwa ne ko na gel, rabi kawai za ka ci in kana son ya yi ƙarko, inbata ma ta ci nata, abin da ya rage bai wuce 1,000Wh ba. Sabar da suwic da rauta in suna jan wat 250, awa huɗu ke nan. Kuma a ware wa sabar layinta. Inbatar da ake jona firij da na'urar fotokwafi a kanta ba ta saba ba ce.

Abin da aka fi mantawa shi ne wayar USB ɗin da ke zuwa cikin kwalin UPS. Jona ta, ka saka manhajar kula da UPS mai suna NUT, ko `apcupsd` idan UPS ɗin na kamfanin APC ne, ka saita sabar ta kashe kanta cikin tsari idan batiri ya yi ƙasa. Sannan shiga BIOS ka kunna zaɓin da ke sa ta tashi da kanta in wuta ta dawo, ka tabbatar rumbun ma yana tashi da `systemctl enable`. Gwada wannan kafin a zuba bayanan gaske: zare wayar UPS daga bango, ka tsaya ka ga ta kashe kanta, ka mayar, ka ga ta tashi ba tare da ka taɓa komai ba.

Kafin damina, a kira mai gyaran wuta ya binne sandar ƙarfe ya haɗa wayar kariya yadda ya dace, a sa abin tare tsawa. Tsawa ba ta wayar wuta kaɗai take shigowa ba, tana biyo wayar intanet da ta sauko daga eriyar kan rufi.

Ɗakin da za ta zauna

Ƙungiyar ASHRAE, wadda masu ɗakunan saba ke bin ƙa'idarta, ta ba da shawarar iskar da ke shiga na'ura ta kasance tsakanin digiri 18 zuwa 27. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafi kan kai 40 a waje, ɗaki mai rufin kwano ba silin kuma ya fi haka. CPU in ta ji zafi tana rage gudunta da kanta, sai a ce manhaja ta yi nauyi a yi ta zargin wanda ya rubuta ta. Batiri ne ma ya fi shan wahala: na dalma, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba tsawon rayuwarsa biyu. In ka buɗe UPS ɗin da ya yi bazara biyu a ɗaki mai zafi, za ka ga batiran sun kumbura sun matse juna, sai da ƙyar ake zaro su.

Idan kuɗin esi da wutar da za ta riƙe ta dare da rana ba su samu ba, zaɓi ɗakin da ya fi sanyi a ginin, wanda ba ya kallon yamma, ka ɗaga sabar daga ƙasa, ka bar fili a bayanta, ka sa fanka mai fitar da iska. Hunturu kuma da nasa. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar nan mai laushi tana shiga ta kowace kafa, ta taru a haƙoran ƙarfen da ke kan CPU ta zama wani jan dunƙule mai kauri, iska ta daina ratsawa. Kashe sabar, fitar da ita waje, ka hure ta da bulowa kana riƙe da fankokin kada su juya, a farkon hunturu da ƙarshensa.

Faifai

Faifai mai juyawa na 7,200 rpm ba ya wuce karatu ko rubutu kusan 100 a daƙiƙa idan bayanan a warwatse suke, kuma haka aikin rumbu yake. SSD, faifan da ba ya juyawa, na yin dubbai. Don haka bayanan rumbun a kan SSD za su zauna, mai juyawa a bar shi ga bakof. In hali ya yi, a sayi SSD na saba mai kariyar ɗaukewar wuta, wanda ke da 'yan ma'ajiyar caji da ke ba shi damar ƙarasa rubutu. Shi ne maganin ƙaryar faifan da na ambata, kuma na fi son a rage kuɗin CPU a saka a nan.

Faifai biyu a tsarin RAID 1, kowanne na kwafar ɗan'uwansa, shi ne mafi ƙaranci. Huɗu a RAID 10 in aikin ya yi yawa. RAID 5 yana jan ƙafa wajen rubutu, ba na ba da shawararsa ga rumbu. Kuma a faɗa wa mai wurin tun yanzu cewa RAID ba bakof ba ne: in aka goge tebur bisa kuskure, a kan faifan biyu ya gogu.

Yawancinmu sabar gwanjo muke saye, Dell PowerEdge ko HP ProLiant, kuma ba laifi, suna zuwa da RAM mai ECC mai gyara ƙananan kurakurai da kansa. Amma kafin ka biya, duba faifan:

`smartctl -a /dev/sda`

Layin `Power_On_Hours` zai gaya maka awannin da ya yi aiki. Shekara ɗaya awa 8,760 ce, faifan da ke nuna 45,000 ya haura shekara biyar. Idan `Reallocated_Sector_Ct` ko `Current_Pending_Sector` ba sifili ba ne, ajiye masa kayansa. Duba kuma batirin katin RAID, domin a tsohuwar saba sau da yawa ya riga ya mutu. Shawarata ita ce a sayi akwatin gwanjo, a sa masa sababbin faifai.

RAM, sannan CPU

Faifai sito ne, RAM kuma teburin gaban shago: kayan da ake yawan nema in suna kan tebur, ba sai an riƙa zirga-zirga zuwa sito ba. Burinka shi ne bayanan da ake taɓawa kullum, da fihirisarsu, wato jerin da ke saurin nemo layi a tebur, su shige RAM gaba ɗaya. Ofis mai ma'aikata ashirin zuwa talatin da rumbun da bai wuce 10 GB ba, 16 GB na RAM da CPU mai ƙwaya huɗu sun ishe shi har da rara. Ƙasa da 8 GB ba na yarda.

Sai dai sayen RAM ba ya sa rumbun ya yi amfani da shi. PostgreSQL na zuwa da `shared_buffers` a 128 MB, MySQL ma `innodb_buffer_pool_size` ɗinta 128 MB ce. Sau da yawa za ka tarar da saba mai 32 GB tana aiki da wannan ɗan ƙaramin kason tun ranar da aka kafa ta. A PostgreSQL ka mayar da shi kusan kashi 25 cikin ɗari na RAM, `effective_cache_size` kuma tsakanin 50 da 75. A MySQL, in sabar ta rumbu ce kaɗai, ba shi kashi 50 zuwa 75. In tana ɗauke da manhajar ma, rage. Ka yi hattara da `work_mem` na PostgreSQL. Yana farawa a 4 MB, kuma kowace tambaya na iya cin sa sau da yawa, a kowane haɗi da manhaja ta buɗe da rumbun. Ɗaga shi zuwa 256 MB a saba mai haɗi ɗari hanya ce ta cinye RAM ƙarƙaf.

Mai SQL Server Express, daga bugun 2016 zuwa na 2022, ya sani cewa kowane rumbu ba ya wuce 10 GB, kuma RAM ɗin da yake riƙe bayanai a ciki bai kai 1.5 GB ba ko nawa ka saka. Ranar da ya kai iyakar, adanawa za ta tsaya.

Saitin ranar farko

Saka bugun da masu shi ke kula da shi har yanzu. Ubuntu LTS na samun gyara na shekara biyar, kowane babban bugun PostgreSQL ma shekara biyar. MySQL 5.7 an daina kula da ita tun Oktoban 2023, amma tana nan a ofisoshi da yawa. XAMPP kuwa, kunshin da ke zuwa da rumbu a haɗe, masu yin sa da kansu sun ce na gwaji ne, ba na ɗaukar aikin gaske ba. Idan ka gaji tsohon rumbun MySQL, duba ko akwai teburan tsohon tsarin ajiya na MyISAM ka mayar da su InnoDB, domin MyISAM ba shi da kundin gyara kansa bayan ɗaukewar wuta.

Kada kowa ya lallaɓe ka ka kashe `fsync`, saitin da ke tilasta rubutu ya isa faifai, a PostgreSQL, ko ka sauya `innodb_flush_log_at_trx_commit` daga 1, wai don a ƙara gudu. A garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, wannan kasada ce da dukiyar mutane.

Haruffanmu ma suna buƙatar kulawa. MySQL 5.7 tana farawa ne da `latin1`, wanda bai san ɓ da ɗ da ƙ ba. Ɗalibi mai suna Ɗanladi zai koma alamar tambaya a takardar sakamakonsa. Sa `utf8mb4` a MySQL, `UTF8` a PostgreSQL, tun kafin a shigar da suna ko ɗaya, ka gwada da sunan unguwa kamar Ƙofar Durɓi ka ga ya fito daidai a allo da kan takarda. Agogo kuma a saita shi kan `Africa/Lagos`, a bar `chrony` yana daidaita shi. `timedatectl` zai nuna maka halin da yake ciki.

Ƙofofin rumbu, 5432 na PostgreSQL, 3306 na MySQL, 1433 na SQL Server, kada ɗayansu ya kalli intanet. Kwamfutar manhaja kaɗai za a bari ta shiga, mai aiki daga nesa ya biyo ta VPN ko SSH. Manhajar kuma a buɗe mata nata asusun mai iyakantaccen iko, ba `root` ko `postgres` ba. Wannan ba tsafta ce kawai ba: dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 idan bayanan mutane suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da su.

Dubawar kowace safiya

Minti goma ne, kafin ma'aikata su fara shigowa.

Fara da tambayar ko rumbun na numfashi. `pg_isready` da `mysqladmin ping` suna da amfani, amma abin da suke tabbatarwa kawai shi ne akwai mai amsawa a ƙofa. Ko kalmar sirri ba daidai ba ce za su iya nuna yana raye. Gwaji na gaskiya shi ne ka shiga da asusun manhajar, ka rubuta lokaci a wani ɗan tebur da ka ware don haka, ka karanto shi. Rumbun da faifansa ya cika zai iya amsa sallama amma ya kasa adana komai.

Sai faifai, da `df -h` da `df -i`. Kashi 80 cikin ɗari gargaɗi ne, 90 kuma a bar komai a zo. In ka ga ya cika ba zato, yawanci ɗayan uku ne: tsofaffin bakof da aka bari a kan sabar, binlog, kundin canje-canjen MySQL, wanda a bugu na 8 yake ajiye na kwana 30, ko jakar `pg_wal` da ta kumbura. A nan nake roƙonka da babbar murya: kada ka goge komai a cikin `pg_wal` da hannu. Wannan shi ne kundin da rumbun ke gyara kansa da shi, in ka taɓa shi yana iya ƙin tashi gaba ɗaya. Nemo dalilin kumburin. Sau da yawa wata tsohuwar saba ta biyu ce aka cire aka bar gurbinta, rumbun yana ta tara mata saƙo:

`SELECT slot_name, active FROM pg_replication_slots;`

Binlog ma da `PURGE BINARY LOGS` ake rage shi, ba da `rm` ba.

A `free -h`, layin `available` za ka kalla, ba `free` ba, domin Linux na cika RAM da gangan don saurin karatu. Idan `vmstat 5` na nuna lambobi suna motsi a ƙarƙashin `si` da `so` ba tsayawa, RAM ya gaza. Duba kuma ko Linux ya kashe rumbun cikin dare saboda ƙarancinsa:

`journalctl -k | grep -i "out of memory"`

Daga nan haɗi. PostgreSQL na farawa da iyakar 100, MySQL 151.

`SELECT state, count(*) FROM pg_stat_activity GROUP BY state;`

Wanda ya fi damuna shi ne `idle in transaction` da ya daɗe. Wani ne ya buɗe aiki bai rufe ba, ƙila ya tafi sallar Azahar ya bar fom a buɗe kuma manhajar ba ta iya sakin layin ba, sauran ma'aikata na jiran abin da ya kulle. A MySQL `SHOW PROCESSLIST` da `Max_used_connections` za su nuna maka. In haɗi na yawan cika a PostgreSQL, saka PgBouncer, manhajar da ke raba 'yan haɗi tsakanin masu yawa, ya fi ɗaga iyakar. Ƙarshe, buɗe kundin kurakuran rumbun ka karanta na jiya, sannan ka duba bakof ɗin daren: yana nan, kuma girmansa ya yi kusa da na shekaranjiya? Fayil mai 0 KB ma fayil ne a idon wanda bai duba girma ba.

Na mako da na wata

Ranar Asabar ko Lahadi, koma kan ƙarfen. `cat /proc/mdstat` in RAID ɗin na Linux ne: `[UU]` lafiya, `[U_]` na nufin faifai ɗaya ya mutu kana tafiya a kan ɗaya, kuma sabar ba za ta nuna wata alama ba. Maimaita `smartctl`, a NVMe ka kula da `Percentage Used`. `sensors` zai ba ka zafin CPU, ka riƙa rubuta shi don ka ga yadda yake hawa in bazara ta shigo. `iostat -x 5` a lokacin cunkoso zai nuna jinkirin faifai a `r_await` da `w_await`. SSD mai lafiya 'yan milisakan kaɗan yake nunawa.

Kunna kundin tambayoyi masu nauyi. A MySQL `slow_query_log` ne, amma `long_query_time` yana farawa a daƙiƙa 10, wanda ya yi yawa, mayar da shi 1. A PostgreSQL `log_min_duration_statement` da `pg_stat_statements`. Ɗauki uku mafi nauyi ka duba su da `EXPLAIN`. Galibin "sabar nan ta tsufa" fihirisa ɗaya ce ta rasa, misali a kan lambar kati ko lambar shigar ɗalibi, rumbun yana karance tebur duka don nemo mutum ɗaya. Ka lura, `EXPLAIN ANALYZE` yana gudanar da tambayar da gaske, kada ka gwada shi a kan `DELETE`.

PostgreSQL na da wani abu nasa. Layin da aka goge ko aka sauya ba ya ɓacewa nan take, autovacuum ne ke zuwa ya share. Duba `n_dead_tup` da `last_autovacuum` a `pg_stat_user_tables`, sannan:

`SELECT datname, age(datfrozenxid) FROM pg_database;`

Autovacuum na tashi tilas idan lambar ta kai miliyan 200. In ka ga ta wuce haka nesa tana ta hawa, wani abu ya tare shi, kuma kusa da biliyan 2 rumbun zai daina karɓar rubutu don kare kansa. Kada a kashe autovacuum. Mai SQL Server kuma ya riƙa gudanar da `DBCC CHECKDB`, mai duba ko rumbun ya lalace.

Sau ɗaya a wata, bayan an tashi aiki, zare wayar UPS ka ƙirga mintocin da zai riƙe, ka kwatanta da na watan jiya.

Bakof, da gwajin dawo da shi

Kwafe jakar rumbun zuwa filas alhali yana aiki ba bakof ba ne, abin da za ka samu yana iya ƙin buɗewa. A PostgreSQL:

`pg_dump -Fc asibiti > asibiti.dump`

ka haɗa da `pg_dumpall --globals-only`, domin asusun masu amfani ba sa cikin na farkon. A MySQL:

`mysqldump --single-transaction --routines --events asibiti > asibiti.sql`

Sa su a `cron`, mai gudanar da umarni a lokacin da aka saita, su riƙa gudana da dare. Wanda ya ce ba zai yafe aikin yini ba, sai a ƙara masa `pg_basebackup` da adana WAL, ko binlog a MySQL, waɗanda ke ba da damar komawa daidai mintin da ke gaban ɓarna.

Kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Faifan da ke jone da sabar dare da rana, manhajar garkuwa da bayanai za ta kulle shi tare da ita, gobara da ɓarawo ma tare za su same su. Na wajen a kulle shi da mabuɗin sirri kafin ya fita, ko intanet za shi ko gidan mai wurin, domin bayanan marasa lafiya amana ne.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane wata, ɗauki bakof ɗin jiya zuwa wata kwamfuta daban, ka buɗe rumbu fanko da `createdb gwaji`, ka zuba da `pg_restore -d gwaji asibiti.dump`. Kada ka tsaya a "bai nuna kuskure ba". Ƙirga layukan manyan tebura ka kwatanta da na sabar. Jona manhajar da shi, ka kira mai karɓar kuɗi ka ce, "Hajiya, duba min rasit ɗin ƙarshe da kika yanka jiya, yana nan?" Ka kuma duba agogo tun daga farawa har gamawa. In ya ɗauki awa biyar alhali mai wurin ya ce awa biyu zai iya jurewa, ka je masa da wannan lambar, ita ce hujjarka ta neman saba ta biyu.

In dubawar hannu ta zauna maka, miƙa ta ga Zabbix ko Uptime Kuma su riƙa turo saƙo a waya, amma ka ɗora mai sa idon a kan wata na'ura daban, domin sabar da ta mutu ba za ta iya sanar da mutuwarta ba. Matakan dawo da rumbun kuma ka rubuta su a takarda ɗaya bayan ɗaya, kalmomin sirri da mabuɗin bakof a cikin ambulan rufaffe a hannun mai wurin. A gwajin wata mai zuwa, ba wa abokin aikinka takardar ya bi ta shi kaɗai kana zaune ba ka ce uffan ba. Duk inda ya tsaya ya waiwayo ka, akwai layin da ya ɓace a wurin, ka rubuta shi nan take.